Laftof ɗin gida zata iya riƙe min websait, ko dole sai na biya hostin?

"Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a Zariya, ina ɗan taɓa aikin zanen fosta da katin biki, kuma ina koyon HTML a gefe. So nake in buɗe websait nawa na kaina inda zan zuba ayyukana da ɗan rubuce-rubuce, yanda in wani ya tambayi aikina sai kawai in tura masa adireshin. Ina da tsohuwar laftof HP da na daina amfani da ita, da MiFi, da ƙaramar sola a gida. Abokina yace min wai ba sai na biya kuɗin hostin ba, laftof ɗin ma zata iya zama saba. Da gaske ne? Wanne yafi, in yi a gida ko in biya?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Abokinka bai yi ƙarya ba, laftof ɗin zata iya. Amma yanda na karanta tambayarka abu biyu ne ka haɗa a guri ɗaya, kana so mutane su rinƙa buɗe shafinka duk sanda suka ga dama, sannan kana so ka koyi yanda abin yake aiki ba tare da ka kashe kuɗi ba. To waɗannan biyun ba amsa ɗaya suke da ita ba, shiyasa zan ɗan ja maganar.

Saba ba wata kwamfuta ce ta musamman ba. Duk kwamfutar da ke kunne, tana kan intanet, kuma akwai manhaja a cikinta da ke jiran a tambaye ta shafi ta miƙa, ta zama saba shikenan. Hostin kuma shine kamfani ya riƙe maka shafin a sabarsa. Websait na farko a duniya ma akan kwamfutar ofis yake, wata NeXT da Tim Berners-Lee yake aiki da ita a cibiyar CERN ta Suwizalan a 1990, har sai da aka manna mata takarda a jiki cewa wannan saba ce kar wanda ya kashe ta. Kaga tun ranar farko matsalar kenan, kar a kashe. Tsohuwar HP ɗinka tafi waccan kwamfutar ƙarfi nesa ba kusa ba. In ka goge Windows ka sa Linux irin Ubuntu Server ko Debian, ka ɗora manhajar saba irin Nginx ko Caddy, shafin HTML da hotuna irin naka ko gumi ba zata yi ba, ko da mutum ɗaruruwa ne ke shiga a rana. Saboda haka ka cire ƙarfin laftof daga lissafi, ba nan gizo ke saƙar ba.

Ta ina mutane zasu same ka?

Wannan shine abin da abokinka bai gaya maka ba, kuma nan ne yawancin yaran da ke zuwa min da wannan maganar suke maƙalewa. Suna gama saita komai, su buɗe a waya suna kan wifi ɗin gida shafi ya buɗe, murna, sai su tura ma wani a Kaduna yace babu abin da ya buɗe.

Dalili shine adireshin IP, wato lambar da ake gano na'ura da ita a intanet. Tsohon tsarin adireshi na IPv4 guda biliyan 4.3 ne kacal, kuma babban rumbun da ake rabo daga ciki ya ƙare tun Fabrairun 2011. Kamfanonin waya basu da isasshen da zasu ba kowane layi nasa, sai suka koma haɗa kwastomomi da yawa a bayan adireshi ɗaya, wannan tsarin shi ake kira CGNAT. Kamar gidan haya ne mai ɗakuna da yawa amma lambar gida ɗaya ce kuma maigadi ne a ƙofa, in kai ka aika yaro ya siyo abu maigadi ya san ɗakin da zai mayar da shi, amma baƙon da ya zo daga waje da lambar gidan kawai ba tare da wani ya aike shi ba, maigadi bai san ɗakin wa zai kai shi ba, korarsa zai yi. Mai buɗe websait ɗinka shine wannan baƙon.

Darussan YouTube da zaka gani suna cewa ka shiga rawuta ka buɗe ƙofa mai lamba 80 da 443 ka nuna su ga laftof, wannan na mutanen da rawutarsu ke da adireshin waje ne nata na kanta, irin masu layin waya na gida a Turai da Amurka. Kai a MiFi ko ka buɗe ƙofofin ba abin da zai faru, domin ainihin ƙofar tana hannun kamfani. Layukan data na waya kusan duk haka suke, Starlink ma da ta shigo Najeriya a farkon 2023 tsarinta na gida CGNAT ne a IPv4. Gwajin ba wuya, shiga shafin saitin MiFi ɗinka ka duba adireshin da kamfani ya bata, sannan ka buɗe burauza ka tambayi Google menene IP ɗinka. In lambobin biyu basu zama ɗaya ba, musamman in ta MiFi ta fara da 10 ko tana tsakanin 100.64 zuwa 100.127, to kana bayan maigadi. DuckDNS da No-IP da ake yawan ambata suma basa warware wannan, su aikinsu bin adireshin da ke canzawa ne, ba samar maka da wanda baka dashi ba.

Akwai mafita kuwa. Mafi sauƙi da na sani shine Cloudflare Tunnel, kyauta ne. Ƙaramar manhaja zaka sa a laftof mai suna cloudflared, ita ce zata fita daga ciki ta je ta riƙe hanya da sabobin Cloudflare, baƙi su kuma su sauka a Cloudflare sai a turo su ta wannan hanyar, baka buɗe ko ƙofa ɗaya ba kuma HTTPS, wato kullen tsaro tsakanin shafi da mai buɗe shi, ma sun ɗauke maka. Sharaɗin kawai kana da domen naka, wato sunan shafinka, kuma ka mayar da DNS ɗinsa, wato saitin da ke haɗa sunan da adireshi, wajensu. Ɗaya hanyar ita ce ka nemi masu faiba su sayar maka da adireshi tsayayye, amma wannan yawanci a tsarin 'yan kasuwa yake kuma kuɗinsa na wata kaɗai yafi abin da zaka biya hostin, an gudu ba a tsira ba.

Wuta

To ka ce ka warware adireshi. Saura wuta, kuma ba sai na maka dogon bayani ba tunda a ƙasar nan kake. Kamfanonin hostin suna yin alkawarin shafi zai kasance a buɗe kashi 99.9 cikin ɗari, ma'anarsa a wata guda duka bai wuce minti 43 a ƙasa ba, a shekara ƙasa da awa tara. Mu kuma ko 'yan Band A da suke biyan sama da naira 200 kowane yunit tun Afrilun 2024, awa 20 aka musu alkawari a rana, alkawari fa. Ka tuna Oktoban 2024 da jihohin arewa da dama suka kwashe sama da mako babu wuta bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna.

Zaka ce ai kana da sola, to mu yi lissafi. Tsohuwar laftof in ka rufe allonta tana zaune zata ci kamar wat 15, MiFi ta ƙara nata, ka ce wat 20 gaba ɗaya. Daga magariba zuwa sanda rana zata fara cajin kirki aƙalla awa 12 zuwa 14, wato wat-awa 240 zuwa 280 kowane dare, ban da abin da inbata ita kanta take ci don kawai tana kunne. Batir mai 100Ah na 12V wat-awa 1200 ne a rubuce, amma in na ruwa ne ko na jel rabi ya kamata ka taɓa in kana so ya daɗe. Kaga kusan rabin abin da gidanku ke dashi na dare websait ya cinye, kuma lokacin zafi da kowa ke son fanka nasan wanda Hajiya zata ce a cire. Da damina in hadari ya rufe kwana biyu kuma wata maganar ce.

Laftof tana da abu ɗaya mai kyau, batir ɗinta, in yana da sauran rai zai riƙe ta tsakanin ɗauke wuta da canzawa zuwa inbata. Amma batirin da ke jone dare da rana cikin zafin Afrilu da Mayu yana kumbura, na laftof da na MiFi duka, na ga da yawa da suka ɗaga madannin laftof sama, kuma abu ne da zai iya kama wuta, kar ka bar ta akan katifa ko cikin durowa. Ƙurar hunturu kuma ta toshe fankar ciki. Masu tsohuwar destof su ma lissafinsu yafi muni, wat 80 dare da rana yunit 57 ne da ɗoriya a wata, a farashin Band A ya haura naira dubu 11, kyautar kenan. Raspberry Pi ita ce mai arahar wuta, wat 3 zuwa 7, sai dai in wuta na yawan yanke mata katsaham katin memori ɗinta na lalacewa.

Sai data. Duk wanda ya buɗe shafinka daga MiFi ɗinka hotunan ke fita, datarka ake ci. Kai kuma aikinka hotuna ne, shafi ɗaya mai fostoci zai iya kai MB 5 in baka matse su ba, buɗewa dubu GB 5 kenan, kuma ba mutane kaɗai ke buɗewa ba har da manhajojin Google da Bing da na kamfanonin AI da ke yawo suna kwasar shafuka. Gudun turawa a layin waya kuma kullum baya kai na saukewa, da daddare in unguwa ta hau netwok sai ya ƙara sauka. Ranar da data ta ƙare kana aji, shafi ya mutu har ka dawo. Kuma Google in ya yi ta zuwa yana tarar da shafi a rufe yana rage zuwa, daga baya ya fara cire shafukan daga bincike.

Tsaro

Wannan ina so ka ɗauke shi da gaske. Duk sabar da na kunna mai adireshin waje, kafin a kwana zaka ga rajistar shiga ta cika da yunƙurin shiga ta SSH, wato hanyar sarrafa saba daga nesa, da sunan root ko admin, da masu neman wp-login.php a shafin da ko manhajar gina shafi ta WordPress babu. Ba wai an san ka bane, na'urori ne ke bin adireshi ɗaya bayan ɗaya. Haka muguwar manhajar Mirai ta tara kyamarori da rawutocin gida masu fasawod ɗin kamfani a 2016, har aka yi amfani dasu aka durƙusar da kamfanin DNS mai suna Dyn a watan Oktoba, Twitter da Netflix suka ƙi buɗewa ga mutane da yawa a Amurka. Bambancin gida da hostin anan shine in aka fasa maka a hostin shafinka aka taɓa, in aka fasa laftof ɗin gida to an shigo wifi ɗin da wayarka da ta ƙannenka da kwamfutar da kake shiga banki suke kai. Shiyasa kar ka kuskura ka mayar da laftof ɗin da kake aiki da ita saba, kuma XAMPP, manhajar saba da ake koya muku dashi, na gwaji ne a cikin ɗaki, ba a gina shi don a buɗe ma duniya ba. In zaka yi, SSH da makulli ba fasawod ba, kunna sabuntawa ta atomatik, kar ka aje komai mai muhimmanci a cikinta.

Imel kuwa kar ma ka fara a gida. Adireshin gida Gmail basa yarda da saƙon da ya fito daga shi, ko ya tafi shara ko a dawo dashi.

In kuma wata rana ka fara karɓar sunaye da lambobin wayar kwastomomi ta shafin, ka sani akwai dokar kare bayanai ta 2023 a Najeriya, amanar bayanan mutane ta hau kanka, bai dace a ce suna cikin laftof ɗin da ke ƙarƙashin gado ba.

To hostin ɗin fa, dole sai an biya?

Anan ne nake ganin tambayar ta ɗan kauce, domin ka ɗauka zaɓi biyu ne, gida kyauta ko kamfani da kuɗi. Shafi irin naka, HTML da CSS da hotuna da rubutu, babu rumbun bayanai babu shiga da fasawod, ana ɗora shi kyauta a GitHub Pages ko Cloudflare Pages ko Netlify, da HTTPS, kuma zaka iya jona domen naka. GitHub Pages tun 2008 suke wannan, iyakarsu shafi kar ya wuce GB 1 sannan zirga-zirga kusan GB 100 a wata, kai in ka matse hotunanka zuwa WebP ko JPEG mai ɗan nauyi ba zaka je kusa ba. Abin da basa yi shine PHP da MySQL, wato WordPress ba zata zauna ba, kuma GitHub sun ce ba don shagon saye da sayarwa suka yi nasu ba. Maganar kwastoma ya tuntuɓe ka kuwa maɓallin WhatsApp ya wadatar, dama can nan zasu same ka. Ƙari akan haka zaka koyi Git, manhajar ajiye tarihin canje-canjen aiki, wanda duk inda ka je neman aikin kwamfuta sai an tambaye ka shi.

In kuma WordPress kake so don ka rinƙa rubutu daga waya ba tare da taɓa HTML ba, sai hostin na haɗaka, wanda kai da ɗaruruwan mutane kuke saba ɗaya, ana baka cPanel ka danna ka sa WordPress. Akwai kamfanonin gida irinsu QServers da GO54 (tsohon Whogohost) da ake biya da naira, wanda ba ƙaramin sauƙi bane ga wanda ya taɓa fama da katin naira wajen biyan dala. Farashi yana motsi da canjin dala, ka duba shafukansu da kanka, kuma abin da zaka duba ba kuɗin shekarar farko bane, kuɗin sabuntawa ne, a harkar nan an saba a jawo mutum da rangwame shekara ta biyu ya ga wani abu daban. Duk inda ka ga an rubuta wai ba iyaka, akwai iyaka, tana cikin ƙananan rubutun da ba a karantawa.

Na uku VPS, wato a yanka maka ɓangaren saba ka zama mai cikakken iko. DigitalOcean suna farawa daga dala 4 a wata, Hetzner na Jamus ma suna da masu araha. Duk abin da kake son koya a laftof, Linux da Nginx da satifiket ɗin HTTPS na Let's Encrypt da ke sabunta kansa kafin kwana 90 su cika, nan ma zaka koya, da adireshin waje na gaske, kuma wuta ba damuwarka bace. Amma tsaro da sabuntawa naka ne, kamfani ba zai maka ba. Ni shafukan mutanen da nake kula dasu duk a nan suke, a gida kuma ina da ƙaramar na'ura da nake gwaje-gwaje a kai, in ta mutu ba wanda zai kira ni.

Kar kuma ka ɗauka tunda ka biya kamfani shikenan kayanka sun tsira. A Maris 2021 gobara ta cinye ɗaya daga cikin cibiyoyin kamfanin hostin na OVH a Strasbourg ta Faransa, miliyoyin shafuka suka sauka, waɗanda basu da kwafi a wani guri wasunsu sun rasa komai. A 14 ga Maris 2024 kuma wayoyin ƙarƙashin teku suka yanke ta wajen Kwaddibuwa, Najeriya da Gana da maƙwabta suka sha wahalar isa ga sabobin Turai na kwanaki. Saboda haka ko ina ka ɗora, ka riƙe kwafi a hannunka. Wannan ma wani alherin shafin HTML ne, folda ɗaya ce, in wani guri ya ƙi ka kwashe ta zuwa wani a cikin rabin awa.

Abin da zan yi da nine kai

Zan sayi domen, shine kaɗai kuɗin da bana son ka guje ma. Na .com.ng yana da araha, da naira ake biya ta hannun dillalan da NiRA ta amince dasu, ita ce ke kula da .ng. Sai in ɗora shafin a Cloudflare Pages ko GitHub Pages, shine adireshin da zan rubuta a katin sana'a in tura ma kwastoma. Ita kuma HP sai in sa mata Debian in jona ta da Cloudflare Tunnel a ƙaramin reshe na domen ɗin, misali gwaji a gaban sunan, in rinƙa kunna ta sanda akwai wuta, in sa WordPress in ɓata in gyara, in koyi karanta rajista. Ka sa UptimeRobot, mai duba ko shafi na buɗe, ya rinƙa duba ta kowane minti biyar, kyauta ne, bayan wata ɗaya ka kalli jadawalin da idonka ka ga sau nawa ta sauka, shi zai baka amsar gidanku fiye da duk abin da na rubuta, tunda ni ban ga solarku ba ban kuma ga ƙarfin netwok ɗin unguwarku ba. Akwai wanda yin a gida yake masa daidai, mai faiba da sola babba mai batirin litiyam wanda shafinsa na nishaɗi ne ko ajiyar fayilolin iyali, in ya sauka awa uku ba wanda ya yi asara. Duk maganata kuma akan ƙananan shafuka ne irin naka, shago mai karɓar kuɗi ko shafin makaranta mai duba sakamako lissafinsu daban.

Wajen sayen domen ɗin ka tabbata da sunanka da imel ɗinka aka yi rijista, ba na abokinka ko na mai kafe ba, na sha ganin mutane sun rasa sunan shafinsu saboda wanda ya siya musu ya canza lamba ko sun ɓata. Ka sa ranar ƙarewarsa a kalandar wayarka da tunatarwa wata ɗaya kafin nan. In ka duba MiFi ɗin ka turo min lambobi biyun farko na adireshin kawai, ba duka ba, sai in gaya maka ko kana bayan CGNAT.